Munawwara Ta Dawo a Bushe

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Yanzu muka dawo daga Abbaganaram, gidan surukata Ya Gana. Ko mayafi ban cire ba. Idan ban rubuta ba zan faɗa wa Habib maganar da ba za ta gyaru ba a kan uwarsa.

Munawwara ce. Shekararta biyu da wata biyar, baki kamar rediyo, amma har yau famfas. Muna zaune ana zaɓen ankon bikin ƙanwar Habib, mata sun fi goma, sai 'yar nan tawa ta ɓalle famfas ɗinta, ta taka har tsakiyar dardumar sallar Ya Gana ta tsuguna. Dardumar da aka zo mata da ita daga Makka.

Da ma faɗa ta yi. Ta ɗaga dardumar da yatsa biyu ta ce, "Ammatullahi, ni bakwai na haifa. Tun suna wata takwas nake ɗora su a kan ƙafafuna su yi abin da za su yi. Ba wanda ya fara tafiya da ƙazanta a ɗaure a gindinsa. To amma ku akwai ofis." Sai ta maimaita da Kanuri, wai don waɗanda ba su ji ba su ji. Aka yi dariya. Ni ma na yi, me zan yi.

Ranar 25 ga wata za a fara biki, kwana biyar za mu yi a gidan Ya Gana. Wallahi yarinyar nan ba za ta shiga gidan da famfas ba.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Habib ya bi motar busasshen kifi zuwa Anacha tun da asuba, ya ce sati biyu. Gara ma. Shi komai ta yi sai ya ce yarinya ce.

Na je gidan renon da wuri na samu Hajja Siddiƙa, mai wurin. A nan unguwar Mairi yake, layi uku daga gidanmu, tun Muna tana wata shida nake ajiye ta can in wuce aiki. Na ba ta labari kaf. Ta ce, "Maman Muna, da kin faɗa tuntuni. Muna da tsarin sati biyu, ba mu taɓa jin kunya ba."

Ta nuna mini. Fo guda tara jere a baranda, kowanne da sunan mai shi. Ƙarfe tara, sha ɗaya, ɗaya, uku. Ba a tashi sai an yi. Abin sha kuma rabin kofi da safe, rabin kofi bayan abincin rana, shi ke nan. Ta ce idan cikin yaro cike yake da ruwa ba zai taɓa koyon riƙewa ba. A gida kuma in tsayar da ruwa daga la'asar, katifa za ta kwana lafiya.

Ketura na gefe tana wanke kwanuka. Ita ke kula da ajin su Muna, 'yar Shaffa ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Sai ta ce, "Hajja, zafin nan fa." Hajja ta kalle ta kallo ɗaya, Ketura ta koma kan kwanukanta. Na ji daɗin kallon.

Na ba da sauran famfas ɗin ga maƙwabciya, don kada zuciyata ta karye.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 4:30 na yamma

Wando uku a leda. A keke kowa na jin zarni.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 4:15 na yamma

A bushe ta dawo. Wandon da na sa mata da safe shi ne a jikinta. Na shinshina har sau biyu. Na saya mata alawa a bakin titi, ta riƙe a hannu ba ta sha ba, ta ce ruwa take so. Na ce an yi la'asar.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan magariba

Wando biyu a leda. Jiya lafiya, yau kuma an koma. Hajja ta ce ita ta fita asibiti dubiya da rana, ba ta san yadda aka yi ba.

Babu wuta tun Laraba. Bango kansa zafi yake yi, ruwan randa kamar an dafa. Ni ledar ruwa shida na sha a ofis. Muna ta bi ni kicin tana jan zanena, "Mama, uwa, uwa." Haka take cewa ruwa. Kurɓa biyu na ba ta na ɗauke kofin. Ta yi kuka har ta gaji. In na sassauta yau, gobe ma sai na sassauta, sai ranar biki ta zo muna nan inda muke.

Sauran kwana goma sha huɗu.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Ina wanki na ji shiru. A bayi na same ta, ta ɗaga butar tsarki da hannu biyu tana sha. Butar bayi. 'Yata, da na haifa.

Bayan awa ɗaya ta saki fitsari a tsakiyar falo, tana tsaye, tana kallona.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Ta dai gane. Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko lafiya, na ce lafiya lau, rigima ce irin ta yara. Na ɗora butar a kan taga inda hannunta ba ya kaiwa.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe 5:20 na yamma

Da na je ɗaukarta Ketura ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce, "Maman Muna, me ya samu cinyarta?"

Na ce faɗuwa ta yi.

Ta ce, "To." Ta tsaya dai, ba ta koma ba. Sannan ta ce, "Fitsarinta ya koma kamar shayi. Kuma in ta zauna a fo tana matse ƙafa, tana cewa zafi. Yau minti arba'in ta yi a kai, ba ta yi komai ba. Ki yi haƙuri, ni ba likita ba ce, amma na reni ƙannena biyar. Yarinyar nan ba ta shirya ba. Ki bar ta zuwa damina."

Damina. Ji wata magana. Na ce, "Ketura, ke kin haihu ne?" Na san ba ta haihu ba, Hajja ta taɓa faɗa mini shekararta shida da aure. Shi ya sa ma na tambaya. Ta sunkuyar da kai ta koma ciki.

Wando ɗaya a leda.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe 3 na rana

Na kama ta.

Oga ya yi tafiya, na tashi da wuri, ƙarfe ɗaya da rabi ina ƙofar gidan renon. Hajja na sallah. Ban ga Muna a baranda ba, sai na zagaya baya. Ƙarƙashin bishiyar dogon yaron nan ta bayan kicin, ga Ketura a tsugune, ga Muna a tsakanin gwiwoyinta, ta huda mata ledar ruwa tana matsa mata a baki. Yarinyar na zuƙa har wuyanta na motsi. Ga wata ledar a ƙasa an riga an shanye.

Ashe ni ina gini a gida, ita tana rushewa a nan. Wandunan da nake wankewa kullum aikinta ne.

Ban san muryata na kaiwa haka ba. Hajja ta fito da carbi a hannu. Na ce ko ita ko ni. Na ce ina cikin rukunin wasap na iyaye, mu talatin da biyu ne, yau ɗin nan zan rubuta cewa a gidan nan ana ba yara abu a ɓoye a bayan kicin. Ban ce ruwa ba, abu na ce, na san abin da nake yi. Hajja ta gane sarai.

Ketura ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa ƙila da na haƙura. Cewa ta yi, "Kore ni ba komai, Allah na nan. Amma ku ba ta ruwa." Ta ɗauko jakarta da lemarta. Muna ta rungume ƙafarta tana "Anti Ketu, Anti Ketu," sai da na ɓamɓare ta yatsa-yatsa.

Ko a jikina.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 4:10 na yamma

A bushe ta dawo.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe 4:05 na yamma

A bushe. Katifa ma a bushe.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

A bushe. Hajja ta ce yanzu sau ɗaya take yi a wuni, ɗan kaɗan, kuma a fo. Ta ce ita ce ta ɗaya a aji. Na kira Ya Gana na gaishe ta, wushe wushe, ya shirin biki, sannan na sako maganar kamar ba komai. Ta ce, "To, madalla. Za mu gani."

Za ki gani kuwa.

Muna ta daina surutu. Tana zaune inda na ajiye ta sai in dawo in same ta. Ta daina ma bina kicin. Gidan ya yi daɗin zama, na yi guga na gama ba wanda ya taɓa mini kaya.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

Jikinta da ɗumi. Zafin gari ne, kowa ma jikinsa da ɗumi. Na ba ta farasitamol.

Lahadi, ƙarfe 6 na yamma

Ta yi amai sau biyu. Leɓenta ya tsage, na shafa mata man kaɗanya. Na miƙa mata kofi cike, duk da an yi la'asar, ta kawar da kai. Na ce sha mana. Ta ce a'a. Na ce ni na ce ki sha. Ta kulle baki.

Taurin kai ne irin na dangin ubanta. Habib ya kira, na ce duk muna lafiya, tana barci.

Sauran kwana biyar.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe 7:30 na safe

Na kai ta. Akwai taro a ofis, ba ni da wanda zan bar wa ita. A kafaɗa na ɗauke ta, ta ƙi takawa.

Litinin, bayan magariba, asibiti

Ƙarfe goma sha biyu saura Hajja ta kira. Wai ta zame daga kan fo, an ɗaga ta ta sake zamewa, idonta ya juye.

Ba zan iya tuna yadda na zo ba. Na tuna mai keken yana cewa in daina jijjiga ta. Sau huɗu suka soka allura kafin su samu jijiya, a ƙafa suka samu. Ta yi kuka ba hawaye, ban san ana haka ba.

Likitar yarinya ce, ba za ta kai ni shekaru ba. Ta ce, "Yaushe rabonta da fitsari?" Na ce jiya. Gaskiya ban sani ba, Asabar ce ko Juma'a. Ta ce, "Tana shan ruwa sosai?" Na ce tana sha. Ta ɗaga rigar, ta ga cinyar, ta ga bayan, ta kalle ni, ta rubuta wani abu a takarda. Na ce faɗuwa ta yi. Ba ta ma tambaye ni ba.

Ta ce ciwon mafitsara ne ya hau har ƙoda, ga jikin ba ruwa. Yanzu fitsari ake jira. In ya zo, da sauƙi. In bai zo ba za a yi maganar wankin ƙoda.

Ina tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Habib ya iso, da warin kifi a jikinsa, ko gida bai biya ba. Ya daɗe tsaye a kan gadon. Sannan ya ja ni waje ya ce, "Ammatu, likita ta ce kamar an daɗe ana hana ta ruwa. Wa ya hana 'yata ruwa a garin nan, a watan nan?"

Na ce akwai wata mai reno, Ketura. Na ce mun lura ba ta kula da yaran, ni da kaina na sa aka kore ta satin da ya wuce. Kusan duk gaskiya ne.

Ya ce, "Da tabon jikinta?"

Na yi shiru. Ya ɗauki shirun yadda ya ɗauka. Ya ce, "Ina take zaune?" Na ce ban sani ba.

Babu fitsari.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe 10 na safe

Hajja ta kira ni, ba ta zo ba. Ta ce, "Maman Muna, Baban Muna ya zo nan ɗazu, ransa a ɓace. Na faɗa masa abin da kika faɗa masa. Mu tsaya a kan haka, ni da ke." Ta ce ta kwashe fo ɗin daga baranda ta sa a sito. Ta ce tana mana addu'a.

Mu tsaya a kan haka. Ni da ita. Na ce to.

Laraba, bayan azahar

Sun sa mata roba don fitsari, ta fizge ta da kanta, har da jini. Likitar ta ce a bari tukuna, a sa mata famfas, za su riƙa ɗora shi a sikeli su ga abin da ya fita. Da nas ta zo sakawa sai da mutum biyu suka riƙe ta. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai. Tana ta cewa, "Ba na so, ni babba, ni babba."

Ya Gana ta zo da kunu a fulas. Ta ce an ɗaga biki. Ta zauna ta riƙe ƙafar Muna tana tofa mata addu'a. Ta ce, "Yarinya ƙarama haka, ina ake gaggawar zuwa da ita?" Wallahi haka ta ce. Na kalle ta, ita ma ta kalle ni, fuskarta fes, ta manta ma ta taɓa yin wata magana a kan darduma.

Muna ba ta karɓi kunun ba. Ba ta karɓar komai a hannun kowa. In na matso da kofi sai ta rufe ido. Suna ɗaya take maimaitawa, kuma ba Mama ba ne, Anti Ketu ne.

An auna famfas sau uku. A bushe.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe 8:40 na safe

An yi hoto. Likitar ta ce akwai fitsari a mafitsarar yanzu, alamar ƙodar ta fara motsi, amma yarinyar ta riƙe. Ta ce ba ta taɓa ganin yaro ƙarami da riƙo irin wannan ba. In ba ta saki ba zuwa la'asar za su ɗaure hannuwanta su mayar da robar, kuma riƙon yana ƙara wa ƙodar wahala.

Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Muna, yi fitsari. Yi a wando, ba komai. Mama ta ce ki yi." Ta matse ƙafafunta.

Alhamis, ƙarfe 9:15 na safe

Habib ya samo kwatance a wurin maigadin gidan renon. A unguwar Mafoni Ketura take, gidan yayanta. Ya fita. Na san abin da ya tafi yi mata, ban hana shi ba.

Alhamis, ƙarfe 2:30 na rana

Tare suka dawo. Yana gaba, tana bayansa da lemarta. Bai kalle ni ba. Ya Gana ta ce wace ce wannan, ya ce, "Ya, bari tukuna."

Ketura ta gaishe ni. "Maman Muna, ya mai jiki?" Na kawar da kai.

Ta wanke hannu, ta zauna a bakin gadon, ta ce, "Muna tawa." Yarinyar ta buɗe ido. Ketura ta ɗauke ta a hankali saboda robar ƙarin ruwa, ta ɗora ta a cinya, ta ɓalle famfas ɗin ta ajiye gefe. Nas ta buɗe baki za ta yi magana, likitar ta ɗaga mata hannu. Ketura ta tsiyaya ruwa a murfin fulas ta kai bakinta. Muna ta waiga ta kalle ni tukuna. Ketura ta juya mata kai a hankali zuwa ƙirjinta, sai ta sha. Ta sha murfi uku.

Mun fi minti ashirin a haka. Ketura na shafa mata baya tana mata magana ƙasa-ƙasa da yarensu, yarinyar ba ta jin ko kalma ɗaya amma jikinta ya saki. Sai na ga zanen Ketura ya fara duhu a cinya. Ya Gana ta ce Alhamdulillahi. Ni ma na ce, da ƙarfi na ce, na taso da gudu hannuna a miƙe zan rungume 'yata.

Ta ga na taso. Ta ɗaga hannun da ke da allura ta kare fuskarta, ta dunƙule, ta ce, "Mama yi haƙuri, ba zan ƙara ba." Fitsarin ya tsaya cak.

Likitar na nan, Ya Gana na nan, masu jinyar gadon kusa duk suna nan.

Habib ya ce, "Ammatullahi, fita waje." A hankali ya faɗa. Ya ce, "Ba za ta ƙarasa ba in kina tsaye."

A kan bencin baranda nake rubuta wannan. An rufe ƙofar. Ɗazu nas ta fito da kwano a hannu ta wuce ni da sauri, na tambaye ta ko ta yi, ta ce ta yi, da yawa ma. Na miƙe zan shiga, ta ce mijina ya ce a bari tukuna, yarinyar ba ta gama ba.